Ƙaurin Gashin Monal

Mugli tana kan ɗaure ƙudan fatsa na tara ta hango hular ma'aikacin gandun daji ta taga. Shekara talatin ke nan tana wannan aiki a garin Fahalgam: ta naɗa zare da gashin tsuntsu a jikin ƙugiya har su zama kamar ƙwaron da ya nutse a ruwa, masu fatsa su saya su yaudari kifin kogin Lidar da shi.

A gefen almakashinta akwai wani ɗan ƙunshi da ta gada wurin mahaifinta, gashin monal guda shida, tsuntsun dutse mai sheƙi da doka ta hana taɓawa. Ta san ba wanda zai tsaya jin labarin gado. Ta damƙe ƙunshin, ta zura hannu cikin burmemiyar rigarta, ta cusa shi a garwashin kangiri, ɗan kaskon wutar da take rungume da shi saboda sanyi.

"Salamu alaikum, Inna. Ni ne Nazir Lon, daga gandun daji. An ce mana kina aiki da gashin da aka haramta."

"Wa alaikumus salam. Wane mai dogon bakin ne ya ce? Shigo ka duba, ɗana."

Nazir ya durƙusa ya shiga buɗe gwangwanayen da take ajiye gashi ɗai-ɗai. Ya ɗago wani koren gashi ya kai shi wajen haske.

"Wannan fa?"

"Na zakaran maƙwabciyata ne, rini ya sha. Tsoma shi a ruwan zafi ka gani."

Ya tsoma, ruwan ya koma kore. Sai kuma ya tsaya cak, ya ja hanci.

"Inna, me yake ƙauri?"

Ita ma ta ji. Warin yana fitowa ta wuyan rigarta, zafi kuma ya fara cin cikinta. Ba ta motsa ba. Ta ɗauki ƙudan da take ɗaurewa, ta kyasta ashana, ta babbake bakin gashin a gabansa har ya nannaɗe.

"Tun safe nake wannan. In ban ƙone tsinin ba, yawo zai yi a saman ruwa, ba zai nutse ba. Kai ba ka taɓa fatsa ba ne?"

Nazir ya dube ta, ya dubi rigar. Gumi ya gangaro mata ta bayan kunne.

"Kakata ma da kangirinta take yini," ya ce a hankali. "Ki riƙa lura, Inna, wuta ba ta da kirki."

Ya sa takalmansa ya fita. Sai da ta daina jin takunsa ta fizgo kaskon ta dire a ƙasa. Rigar ciki ta huje, fatar wurin ta yi ja ta tashi. Ta jiƙa tsumma ta ɗora, ta jingina da bango. Ranar ba ta ƙara iya riƙe zare ba.