Doguwar Mani

"Ba za su bi ta nan ba," in ji Mani. "Na hwaɗa maka, mushe."

"Baba Mani, mita ɗari biyu kake sa yara su zagaya a banza. Kumandan mai mulkin gari zai zo da agogo a hannu. Tsere ne, ba kiwo ba."

Suna rabin hawan dutsen Dogon Dutsi, rana ta take. Saminu, sabon mushe, wato malamin wasanni na lakwal, makarantar boko, yana riƙe da igiyar awo. Gobe bikin Jamhuriya, ƴan makaranta arba'in za su yi tseren hawa.

Mani ya zauna yana murza gwiwa. Shi ya fasa hanyar nan da diga shekara talatin da suka wuce, da ya dawo daga soja. Shi ya kawo balo, ƙwallon ƙafa na farko, garin. Kowace kaka yakan hawo da bokitin farar ƙasa ya shafe duwatsun gefen hanya, har inda ta lanƙwashe ta kauce wa wani shimfiɗaɗɗen fili.

"Akwai doguwa wurin," ya ce. "Kowa ya sani."

Saminu ya yi dariya. "Annasara ma ya tahi, Baba, bare ita. Gaban kumandan za a ce ƴan Arewa na gudun iska?"

Mani bai taɓa ganin doguwa ba. Abin da ya gani, shekarar da ya fara aikin, jakin wani Bafillace ne da filin ya haɗiye har wuya. Sama kamar dutse, ƙasa rami, ruwa ya cinye cikin. Ya hana yara, ba su ji ba. Ranar da ya ce doguwa ce, ba wanda ya ƙara taka wurin. Har tsofaffi suka riƙa kai mata farar kaza, yana kallo.

Ya gaji. Gwiwa, da hawa, da riƙon maganar.

"Babu doguwa," ya ce. "Ni na yi ta. Rami ne ƙarƙashi."

"Ɗazu doguwa, yanzu rami." Saminu ya naɗe igiyarsa. "Da bakinka ka ce shekara talatin kana yi wa gari ƙarya. Gobe miƙe za su yi."

Mani ya dafa sanda ya tashi. Ya tsallake fararen duwatsun da ya shafa da hannunsa, ya shiga filin a hankali. Kowane taku ƙasa na amsawa kamar ganga. Da ya kai tsakiya ya zauna, ya miƙe ƙafar da ke ciwo.

"Nan za su iske ni gobe. Sai su zagaye ni."

"Baba, taso! Don Allah taso!"

Saminu ya taho da sauri, ya tsaya cak a bakin farar ƙasa. Ƙafarsa ɗaya ta ɗaga, ta koma.

Mani ya juyo ya dube shi.

"Mushe, mi ya hana ka ƙarasowa, doguwar ko ramin?"