Ɓerayen Auta

Na daɗe ina fama da asma. Ƙura kaɗan ta tashi, sai ƙirjina ya kama kuka kamar tsohuwar ƙofa. Shi ya sa da autata ta samu aiki a ɗakin binciken magunguna, na ce to, wahala ta zo ƙarshe.

Aikinta haɗa wasu ƙwayoyi ne mitsi-mitsi, waɗanda ta ce ƙwayar gari dutse ce a kusa da su. A cikinsu take ɗura magani, a shaƙa, su kai shi har lungun huhu inda kumburin yake. Ta gwada a jikin ɓeraye masu lafiya, ba abin da ya same su.

"Auta, ki ɗan ƙunso mini mana," na ce mata.

"Mama, ɓeraye ma layi suke bi."

"Wato ɓera ya fi uwarki gata?"

Ta yi dariya, amma ko ƙyas ba ta kawo ba.

Wata rana na dawo daga asibiti na biya ta wurin aikinta. Aka zaunar da ni a bayan gilashi. Tana sanye da farar riga da safar hannu, ta kafa ido a madubin likita. Ta ɗago, ta sake dubawa, ta sauya wani ɗan gilashi, ta sake dubawa. Ni na haife ta, na san fuskar nan.

Shugabansu, wani dattijo mai furfura, ya zo ya leƙa shi ma. Tare suka fito, ya gaishe ni da ladabi, sannan ya juya gare ta.

"Taron masana ya matso. Ki gabatar da sakamakon farko, wannan mu bi shi a hankali daga baya."

"Malam, masu asma muke yi wa maganin, ba masu lafiya ba," in ji ta. "In na faɗi rabi, wani zai ɗora gini a kai."

Ya daɗe yana shafa gemu. Can ya ce, "Aikinki ne. Zan zauna a gaba in saurare ki."

A mota ta yi mini bayani. Wannan karon ɓerayen da jikinsu ba ya jituwa da ƙurar ɗaki ta ba wa. Maimakon sauƙi, hanyar iskarsu ta kumbura, majina ta toshe ta. Ashe ƙura manne wa ƙwayoyin take yi kamar ƙarangiya a zani, su kuma su ja ta can ciki inda a da ba ta isa.

Abin da nake ta naci a ba ni ke nan.

Ranar taro na bi ta. Ta miƙe gaban manya ta ce abin da ta ƙera da hannunta yana ƙara cuta, ta haska hotunan huhun ɓerayen a bango ɗaya bayan ɗaya. Ba a tafa sosai ba. Amma da aka tashi, wata mata daga wani ɗakin binciken ta riƙe hannunta ta ce su ma irin ƙwayoyin suke shirin gwadawa, yanzu za su dakata.

Ta koma ta faro daga tushe. Ta lulluɓe ƙwayoyin da wani siririn maiƙo don kada ƙura ta sami wurin kamawa. Na farko bai yi ba, na biyu ma haka. Sai da shekara ta zagayo kumburin ya fara ja da baya a jikin ɓerayen. Har yau maganin bai kai ga mutane ba, kuma ba ta taɓa ce mini gobe ko jibi ba.

Ran hutunta kuwa ta zo gida, ta ɗaura ɗankwali a hanci, ta naɗe tsohuwar dardumar ɗakina da labulayen nan masu kauri, ta fitar da su waje. Na yi ta mita, don dardumar tun ta babanta ce. Ta goge ko'ina da jiƙaƙƙen tsumma, har ƙarƙashin gado. Makon nan gaba ɗaya, da ƙafata na hau bene ba tare da na tsaya hutawa ba.