Titin da Ya Wuce ta Ƙofar Inna

Majalisa ta zartar da ƙudurin sa wa sabon titi sunan marigayi mahaifin gwamna. Babu wanda ya ce a'a. Abin da ya rage shi ne sa hannun gwamna.

Titin kuwa ta ƙofar gidan mahaifiyarsa ya wuce. Shi marigayin, tun gwamna yana rarrafe ya ce zai je ya dawo, ya bar ta da 'ya'ya da keken ɗinki. Bai dawo ba sai a makara.

Gwamna ya je gaishe ta, ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa. Tana zura zare a allura.

"Auta, na ji za a kafa mini ubanka a ƙofar gida."

"Allo ne kawai, Inna."

"Da ransa bai tsaya a nan ba, sai yanzu? Ran da aka kafa shi, na daina bin ƙofar nan."

Gwamna ya san Inna ba ta faɗin magana sau biyu. Washegari ya hau kujerar naƙi, ya mayar da ƙudurin babu sa hannu. Da aka nemi dalili, sai ya ce bai dace ba. Ɗan kirki ba ya tona ubansa a gaban jama'a.

Kakakin majalisa ya zo da kansa, idonsa ya ciko.

"Ranka ya daɗe, wannan kawaici naka ya kashe mana jiki."

"Ba kawaici ba ne. Ba na so."

"Haka marigayi yake, an ce. Ba ya son a gan shi."

"Wannan kam gaskiya ne," in ji gwamna.

Doka ta ce idan kashi biyu cikin uku na majalisa suka sake amincewa, ƙuduri ya zama doka ko gwamna ya ƙi. Gwamna ya kira 'yan jam'iyyarsa ɗaya bayan ɗaya, ya roƙe su. Kowa ya ce ya ji, ya fita yana cewa bai taɓa ganin mutum mai kunya haka ba. Har 'yan adawa suka ɗaga hannu.

Aka kafa allon, kore, dab da ƙofar Inna.

A ranar Inna ta kira magini. Ya toshe ƙofar da bulo, ya fasa wata ta baya, cikin lungun da ko amalanke sai an karkata ta.

Gwamna ya bar motocinsa a bakin titin ubansa, ya tattare riga, ya tsallake kwata, dogarai na biye da shi a jere. Ya same ta a kan keken ɗinki.

"Inna, wallahi na ƙi sa hannu."

"Na ji. An ce kana da kunya." Ba ta ɗago ba. "Goge ƙafarka."