Ƙyamaren Sif ɗin Zuliha

Sai da aka kwantar da Malam Jaji kafinta a kabari, Baballe, wani ɗan unguwarmu, ya juya guntun allon da za a rufe shi da shi, sannan muka ga aika-aikar da muka yi. Bayan allon fari ne ba ado, amma fuskarsa zane ne ruwan zuma, layi-layi, kamar ruwan kanal na noman rani idan iska ta kaɗa shi.

Na san zanen nan, don katangarmu ɗaya da Malam Jaji a Kura. Tun kafin azumi yake haɗa sif na ajiye tufafi, na kayan ɗakin autarsa Zuliha da za a aurar bayan salla. Ya rantse 'yarsa ba za ta tare a gidan miji da kayan fomeka ba. Har Kano ya je ya sayo falle-fallen katako na gaske, sirara kamar takarda, yana liƙa su da gam a jikin allo. Tari na cinsa, amma sai ya wuni yana gwada su, wai sai zanen ƙyauren hagu ya haɗu da na dama. Na sha tsokanarsa cewa ango ba katako zai kalla ba, shi dai dariya kawai yake yi.

Ya rasu ana tsakiyar kakar tumatir, mazan unguwa duk muna gona muna cika kwanduna. Itacen rufe kabari da muke tarawa a maƙabarta ya ƙare tuntuni. Kowa ya sani, kowa ya bar wa wani. Cikin gaggawa muka faɗa shagonsa, muka ɗauko alluna biyu da ya jingina fuskarsu na kallon bango, muka yanyanka da zartonsa. Babu wanda ya tsaya ya juya su.

Liman ya ce ba a barin mamaci yana jira. Haka muka jera guntayen, kowa kansa a ƙasa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Ni maƙwabci, ni aka ɗora wa faɗa wa Zuliha. Da la'asar na same ta a shagon, idanunta jawur, tana tsaye gaban sif ɗin.

"Baba Dattijo, ba ku ga ƙyamaren ba? Nan ya jingine su jiya."

Na faɗa mata ban rage komai ba, na ƙara da cewa unguwa za ta sa a yi wasu.

"Ina kuka juya zanen?"

"Ƙasa," na ce, "wajensa."

"To, Baba, a bar sif ɗin haka."

Bayan salla aka ɗora kayanta a mota za a kai Bunkure. Ina daga zaure na ga sif ɗin a tsaye cikin katifu da kwanuka, an rataya masa wani zane a baki, iska tana ɗaga shi.