Haƙorin da Asabe ta zaɓa

Tun da na bar koyarwa a Bungudu, abu biyu suka rage mini: karatu da kushe mutane. Don haka da gyambo ya fito mini a gefen harshe ya ƙi warkewa, na san sunansa tun kafin a gwada. Ciwon daji.

Likita Rufaida, a wani asibiti a Gusau, ta haska bakina da tocila, ta ɗan ja baya.

"Baba, kafin a fara maka magani sai an cire wannan haƙorin Makkan. Ƙarƙashinsa ya ruɓe, dasashin duk mugunya. Masu irin ciwonka da bakinsu ke ɗauke da waɗannan ƙwayoyin cuta, sau da yawa magani ba ya kama su sosai."

"Na karanta," na ce. "Har sunayensu na sani."

"Madalla. To yaushe za a cire?"

Na ce zan yi shawara.

Marigayiya Asabe, matata, ita ta sa aka saka mini shi a Makka, ni da na sha cewa ƙauyanci ne mutum ya riƙa yawo da shaidar Hajji a baki. Ta ja ni har shagon, ta ce tunda masifa ce sana'ata, gara in na buɗe baki a ga wani abu mai haske.

Na hau mota zuwa Tsafe wurin ƙaninta Jibo, ina fatan ya ce in bar shi.

"Haba Malam, mi kake jira?" in ji shi. "Yaya ta sa maka shi don a gani, mu ko ranar Sallah ba mu gan shi ba. Ƙwayoyin nan kaɗai suka more shi."

"Abin da ya rage mini nata ke nan."

"Ai ba jefarwa za su yi ba. Ka sa aljihu."

Na yi fushi har Gusau, sannan na zauna a kujerar likita aka cire. Suka miƙo mini shi cikin auduga, gindinsa baƙi ƙirin, yana wari. Na sa aljihu, kamar yadda aka umarce ni.

Likita ta ce sai dasashin ya warke za a fara maganin. Da auduga a bakina, sai na ji ina tambayarta ko ba yadda za a yi a matso da ranar. Ni da tun da aka rufe Asabe nake gaya wa duk mai zuwa gaisuwa cewa na gaji da duniya.