Hannun da Bai Iya Zubarwa Ba

Ba rashin sani ne ya kayar da Sista a jarabawar farko ba, kuma abin da ya fi ci mata rai ke nan. Ta wanke ciwon da ke ƙafar mutum-mutumin roba tas, kamar yadda ta yi wa ƙafafun gaske ba adadi. Tana cikin aikin gefen ɗankwalinta ya zamo, ta sa bayan hannu ta gyara shi, ta ci gaba da aiki da safar hannun da ta taɓa shi da ita. Da ta gama, sauran audugar da ba ta taɓa ba ta ninke ta, ta mayar cikin leda, ta ajiye gefe don mai ciwo na gaba. Ba ta ma san ta yi ba. Sai da sakamako ya fito ta gani: ta ɓata safar hannu ba ta canza ba, ta adana kayan da aka riga aka buɗe.

Shekaru ta yi tana riƙe da sashen tiyata a asibitin garinsu kafin ta ƙetaro ƙasar waje. Can sunan Sista ya manne mata har ya danne na yanka. A nan kuwa ko ƙwayar magani ba ta isa ta miƙa wa majinyaci ba sai hukumar ma'aikatan jinya ta yi mata rajista. Ta ci jarabawar rubutu. Saura ta aiki da hannu, kuma dama ɗaya ta rage mata. In ta sake faɗuwa, shi ke nan, sai ta dawwama inda take: mataimakiya a gidan kula da tsofaffi, tana canza zanin gado, tana ba da abinci a baki.

A gidan yayarta take zaune, a ɗan ɗakin da ke kusa da kicin. Yaya ungozoma ce a can gida. Ta riga ta zuwa da daɗewa, ta zauna wannan jarabawa, ta faɗi, ba ta sake komawa ba. Irin su Yaya sun cika gidajen tsofaffin garin. Matan da suka karɓi haihuwa da fitilar waya, matan da suka tsayar da jini likita bai iso ba, kowacce ta faɗi sau ɗaya ta ce haka Allah ya so, ta naɗe takardunta ta tura ƙasan akwati. In sun haɗu sai su dafa shayi su zagi masu jarabawa, su tashi kowa ta kama hanyar wanke bahon tsofaffi. Ba wadda ke tambayar me aka rubuta mata ta yi ba daidai ba.

Ranar Asabar da hantsi Sista ta mai da kicin ɗakin gwaji. Ta shimfiɗa farar takarda a kan teburin cin abinci, ta jera auduga, hantsaki, filasta da kwalbar ruwan gishiri. Mijin Yaya, direban bas ne, shi aka kama ya zama majinyaci. Ya naɗe wando, ya ɗora ƙafa a kan kujera, aka zana masa ciwo a ƙauri da jambakin matarsa. Yaya ta zauna gefe tana gyaran farce, wai ita ce mai jarabawa.

"Sista, ki bi ta a hankali," in ji mijin Yaya. "Ƙafar nan ita ke taka burki. Rayukan jama'a na kanta."

"Ka sake motsi in rubuta a yanke ta." Ta gyara tsayuwa, ta sauya murya. "Barka da hantsi. Ni ce nas ɗinka yau. Ka amince in duba ciwonka?"

"Ban amince ba."

"Yaya, ki yi wa mijinki magana."

"Ka amince mana mu huta," in ji Yaya, ba ta ko ɗago ba.

Sista ta wanke hannu, ta ɗauko safa ta fara sawa. Robar ta manne, ta ƙi shiga. Yaya ta ɗago kai.

"Auta, wannan ba ita na gani a igiyar banɗaki ba?"

"Gwaji ne kawai. Ranar jarabawa ai sabuwa za su ba ni."

"Wanke ta kika yi kika shanya?"

"To me ya same ta? Ko hudawa ba ta yi ba."

Mijin Yaya ya miƙa hannu ya ɗaga kwalin safar da ta sayo don wannan gwajin, ya girgiza. "Kwalin nan tun da ya shigo gidan nan bai rame ba. Ni da ke cikin gidan ma na fi shi ramewa."

Sista ta yi banza da shi. Ta buɗe auduga, ta tsoma a ruwan gishiri, ta fara goge jambakin tana faɗin abin da take yi da ƙarfi, don haka masu jarabawa ke so. Aiki na tafiya sumul. Can wata auduga ta kuɓuce daga hantsaki, ta faɗa gefen takarda, kan katakon tebur. Kafin ƙiftawar ido ta koma cikin 'yan uwanta.

"Sista, kin hura ta," in ji mijin Yaya.

"Me na hura?"

"Audugar da ta faɗi. Kin ɗauka, kin hura, kin mayar."

"Ban hura ba."

"Wallahi kin hura. Har iskar ta taɓa min ƙafa."

Ta tsaya da hantsaki a hannu. Ta dubi audugar, ta dubi tebur. Leɓunanta ma ba su gama komawa daidai ba.

Yaya ta yi dariya har da riƙe ciki. Da ta lafa ta goge ido da gefen zani, ta ce, "Kin gani ko? Ki daina wahalar da kanki, Auta. Hannunmu ya riga ya ƙage. Can aka gina mu, ba a nan za a sake mu ba. Aikin da muke yi ma ai jinya ce, ga lada, ga rufin asiri. Me kike nema kuma?"

"Aikina nake nema."

"Ai ba a hana ki ba. Allah ne bai nufa ba."

"Kar ki sa Allah a ciki, Yaya. Allah ne ya ce in hura auduga?" Ta ajiye hantsakin da ƙarfi har kwalbar ta yi rawa. "Jiya tsohon da ke ɗakin ƙarshe, ciwon bayansa ya jiƙe har zani. Ina tsaye ina kallo. Na san abin da za a yi, hannuna na ƙaiƙayi, amma sai na jira yarinyar da ko rabin shekaruna a aiki ba ta yi ba ta gama waya ta zo. Wannan ne rufin asirin? Ke da mata ke kiran sunanki a kan gwiwa, yanzu kina goge wa tsofaffi baki kina cewa alhamdu lillahi, kuma kina so in zauna kusa da ke mu riƙa cewa tare."

"Ni kike faɗa wa haka?"

"Ke fa. Yayata ce ke, wa zai faɗa miki in ba ni ba?"

Mijin Yaya ya sauke ƙafarsa a hankali. "Majinyaci zai iya zuwa shan ruwa?"

"Mayar da ƙafar nan!" suka ce tare.

Ya mayar.

Sista ta san inda hannun ya koyi wannan hali. A sashen da ta riƙe, kwalin safa ɗaya ake ba su a ce su yi maneji har a ga abin da hali ya yi. In ya ƙare sai a tura 'yan uwan majinyaci kemis. Wanda ba shi da shi fa? Sai nas ta wanke ta jiya, ta barbaɗa hoda, ta sa. Wadda ta iya raba auduga ɗaya gida uku ita ake nunawa a ce wa ɗalibai ga ƙwararriya. Sista ta fi kowa iyawa, har yabo ta sha a gaban taro. Ɗinkin da ya ruɓe kuwa, sai a ce jikin mai shi ne ba ya karɓar magani. Ba wanda ya taɓa zama ya haɗa wannan da wancan. Masu sa hannu a sayo kaya suna ofis cikin sanyi, ba a taɓa kiran ɗayansu ya zo ya shaƙi warin ba.

Tun da sakamakon nan ya fito take zagin masu jarabawa a zuciya, tana ce musu 'yan almubazzaranci. Yau ta rasa bakin zaginsu.

"An hana mu kaya," ta ce, muryarta ta sauka, "mu kuma muka mai da rashin gwaninta, har muna taƙama da shi. To ni na gama."

Ta shiga banɗaki ta kwaso safofin da ke kan igiya, ta sa almakashi ta datse su a gabansu, ta watsa a kwandon shara. Ta ɗauko murfin tukunya da cokali ta danƙa wa mijin Yaya.

"Ranka ya daɗe, ga aikinka. Duk abin da ka ga na taɓa wanda bai kamata ba, ko na mayar da abin da ya faɗi, ka buga. In ka buga, komai ya tafi shara, in faro daga wanke hannu."

"Ko sau nawa ne?"

"Ko sau nawa ne."

"Allah ya kawo ni ranar," ya ce, ya gwada bugu ɗaya don jin sauti.

Ranar murfin nan ya sha duka. Ta taɓa kwalba da safa, ƙwal. Ta sosa hanci da wuyan hannu, ƙwal. Ta tura ragowar filasta aljihu, ƙwal ƙwal, har da kiɗa. Zubarwar ce ta fi wuya. Sai ta kai hannu kan kwando da farar auduga sabuwa fil, yatsun su ƙi buɗewa, kamar tana zubar da abinci a gaban mai yunwa. Sai ta cije ta saki. Ta sake wanke hannu. Fatar yatsunta ta yi fari, ta fara tsagewa.

Haka suka yi ta yi duk ranar da ba ta da aiki. Kwali ya ƙare, ta sayo wani. Yaya ta daina yi mata magana sai gaisuwa, amma ba ta daina zama a kicin ba. Wata rana Sista ta fito daga wanke hannu ta tarar da ita sunkuye a kan kwando tana tsince audugar.

"Yaya!"

"Goge madubi zan yi da ita."

Mijinta ya ɗaga murfin tukunya ya buga mata ɗaya mai kyau. Yaya ta wurga masa audugar, dariya ta ƙwace mata, gaba ta mutu a nan. Daga ranar ita ta karɓi tambayoyi, kuma ta fi masu jarabawar tsanani.

Ranar jarabawa aka zaunar da su a dogon baranda, mata da maza daga ƙasashe daban-daban, kowa na motsa baki yana bita. Aka kira lambarta. Ɗakin ƙarami ne: gado, mutum-mutumi da ciwo a cinya, teburi mai taya, famfo, agogo a bango. Mai jarabawar wata doguwar mata ce mai tabarau, ta tsaya gefe da allon rubutu a hannu.

Sista ta gaishe da roba kamar mutum, ta nemi izini, ta wanke hannu, ta goge teburi, ta buɗe kaya. Ta sa safa ba tare da ta taɓa bayanta ba. Ta cire tsohon bandeji, ta duba ciwo, ta faɗi abin da ta gani. Ta kai rabin wankin ke nan, ta juya za ta ɗauki auduga, ƙaramin yatsanta ya gogi ƙarfen gefen teburi.

Gugar ba ta kai a kira ta taɓawa ba. Matar kuwa kanta na ƙasa tana rubutu, ba ta gani ba. Sista ta saci kallon teburi: babu wata safar. Ta kalli agogo: lokaci ya ci fiye da rabi. Hannun ya riga ya kama hanyarsa zuwa ciwon.

Ta janye shi. Ta ɗaga hannuwan biyu sama.

"Safata ta taɓa gefen teburi," ta ce da ƙarfi. "Ta ɓaci. Ina bukatar wata."

Matar ta ɗago, ta dube ta ta saman tabarau. Ta taka zuwa kabad, a hankali kamar mai zuwa ɗaukar kofi, ta fara neman daidai hannunta. Sista ta tuɓe safar ta jefa a kwando, ta koma famfo. Ta wanke tsakanin yatsu, ta wanke babban yatsa, ba ta tsallake ko ɗaya ba, agogo na cin ta a baya. Ta sa sabuwa, ta ƙarasa wanki, ta rufe ciwo. Tana danna gefen filasta na ƙarshe ta share duk abin da ya rage a teburi zuwa kwando, ta gaya wa majinyacin alamun da in ya gani ya kira nas. Ƙararrawa ta katse ta a tsakiyar godiya.

Ta fito ba ta san matsayinta ba. Yaya ta tambaya, ta ce, "Na yi abin da ya kamata. Ban san ko lokaci ya ishe ni ba."

Saƙon sakamako ya same ta a wurin aiki, da rana tsaka, tana ɗakin wanki tana ninke tawul. Ta karanta, ta sake karantawa, ta zauna a kan kwandon kayan wanki. Ta ci. An ce ta aika a sa sunanta a rajista.

Shugabar gidan ta leƙo. "Ke nake ta nema. Gadon ɗaki na biyu ya jiƙe, a canza."

Sista ta miƙe, ta sa wayar a aljihu, ta ɗauki zani biyu daga kan kanta.

"Yanzu zan canza," ta ce. "Amma ki fara neman wadda za ta karɓe ni. Ƙarshen wata zan tafi."

"Ina za ki?"

"Asibiti. Ni nas ce."