Abin da Indo Ta Sha a Jidda

Da Indo ta gama umararta, sai ta sauko Jidda wajen Usman, ɗan baffanta. Uban Usman ya bar Funtuwa ya zo aikin Hajji tun kafin a haife ta, ya zauna, ya hayayyafa a unguwar Ruwais. A nan aka haifi Usman, bai taɓa taka Nijeriya ba, amma Hausa garau a bakinsa, sai dai ya sirka da Larabci. Indo kuwa mijinta ya rasu da daɗewa, matan aure take koya wa karatu a tsakar gidanta, unguwa duk Malama ake ce mata.

Autar Usman ita ce Ruba, budurwa mai fara'a, wadda aikinta shi ne zagaya gidajen abinci tana ɗaukar bidiyo tana sawa a shafinta. Tana jin Hausa fiye da yadda take iya mayarwa. Tun zuwan Indo take nan-nan da ita, ta kai ta kasuwar Bab Makka suka sayi dabino da yadin abaya, ta riƙe mata jaka, tana ta "Gwaggo, Gwaggo" da harshenta mai karyewa. Indo ta ji yarinyar ta shiga ranta.

Rannan bayan la'asar Ruba ta ce, "Gwaggo, yau ni da ke. An buɗe gidan abinci sabo bakin teku, sun gayyace ni. Yalla, sa abaya."

Suka tafi da ƙawarta Lujain, wadda ke riƙe mata waya idan za a ɗauki bidiyo. Aka kai su wani dogon tebur mai farin ƙyalle, baƙi sun zauna maza da mata, gaban kowa jerin kofunan gilas masu dogayen ƙafafu. Indo na hango kwalaben da aka jera ta ja ta tsaya.

"Ruba, waɗannan kwalabe fa?"

"Ruwan inabi ne, Gwaggo. Halal. Babu maye ko ɗigo. Nan Saudiyya ce fa."

Gaskiya ta faɗa. Sabon abin sha ne gidan ya kawo, wanda ake yi wa kwalba da hidima irin ta giyar Turawa amma babu abin maye a cikinsa, aka tara mutane su ɗanɗana. Duk da haka sai da Indo ta sa aka tambayi mai zubawa, wani saurayi da ake kira Muath. Ya nuna mata rubutun jikin kwalbar, ya dafa ƙirji ya rantse. Sannan ta zauna.

Muath na bayani da Larabci, Ruba na raɗa mata. Ba a kama kofin a ciki, a ƙafa ake riƙewa, don ɗumin hannu yana ɓata shi. Ba a cikawa. A fara karkata shi kan farin ƙyallen a duba launinsa, a juya shi a hankali, a sa hanci a shaƙa, sannan a kurɓi kaɗan a wurwura a baki. Fari ake farawa da shi kafin ja. Tsakanin kofi da kofi a gutsiri burodi a kora da ruwa. Ga kuma wani ɗan bokitin azurfa, wanda ya ɗanɗana ya tofar a ciki.

"A tofar da ni'imar Allah a gaban mutane?" in ji Indo. "Wannan kam ban da ni."

Sauran duk ta bi sau da ƙafa, don ba ta so ta kunyata 'yar ɗan'uwanta cikin Larabawa. Da farko ta juya kofin ya fantsalo mata a hannu. Ta sake, sai ga shi ya bi mata, hannun da ya saba kaɗa fura a ƙwarya. Wata mata da ke gefenta ta ce "Masha Allah," Indo ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya. Aka tambayi kowa ƙamshin da ya ji. Wasu suka ce tuffa, wasu suka ce itace. Indo ta sake shaƙa ta ce, "Ni dai tsamiya ce da ta kwana a jiƙe." Da aka zo kan jan ta ce zoɓo ne da aka yi wa rowar sukari. Ruba ta fassara, tebur ya ɗauki dariya, har wani dattijo ya ɗaga mata kofi. Rabon Indo da nishaɗi irin wannan ta manta.

Tana ajiye kofin ƙarshe Ruba ta matso, ta ɓata fuska, ta yi ƙasa da murya.

"Gwaggo, ki yafe mini. Wannan na ƙarshe ba irin sauran ba ne. Khamr ne. Giya ta gaske. A ɓoye suke ba manyan baƙi."

Indo ta kalle ta, ta kalli kofin. Babu sauran komai a ciki.

"Me kika ce?"

"Na manta ban faɗa miki ba."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta jawo bokitin azurfar, ta zura yatsa a maƙogwaro. Ta yi ta kakari har idonta ya yi ja, mayafinta ya zame, kan nan da ta rage wa gashi a Marwa ya fito fili. Tana yi tana faɗi da ƙarfi, "Na sha giya! Wayyo ni, na sha giya a ƙasa mai tsarki! Bakin da na yi ɗawafi da shi!"

Ban da Ruba, babu mai jin Hausa a teburin. Muath ya taho da ruwa a guje yana tambaya ko a kira likita, Ruba ta ɗaga masa hannu ya dakata. Lujain ta matso da waya kusa. Sai da suka ga Indo ta sulale daga kujera ta durƙusa tana kuka, sannan Ruba ta rungume ta tana ƙyalƙyala dariya.

"Wasa ne, Gwaggo! Wallahi wasa ne! Duba waya, ki yi dariya!"

Indo ba ta yi dariya ba. Ta miƙe ta gyara mayafinta, ta je gaban Muath da kwalbar ta nuna masa, ta ce, "Halal?" Ya ce halal. Ta sake tambaya, ya sake rantsewa. Sannan suka koma gida.

Usman ya saurari labarin yana shan shayi. Ya ce, "Halas, a bar maganar, ya Indo, yarinta ce. Haka 'ya'yan yanzu suke. Ruba, ki goge abin nan." Ruba ta ce to. Tun a mota ta riga ta sa bidiyon a shafinta, ta rubuta a ƙasa cewa gwaggonta ce, malama daga Funtuwa.

Ba a daɗe ba babban ɗan Indo, Zaharadden, ya bugo daga gida.

"Inna, mene ne wannan nake gani?"

Wani ne ya ɗauki bidiyon ya datse shi. Ya cire tambayar da ta yi a farko, ya cire "wasa ne" na ƙarshe. Abin da ya rage shi ne Malama Indo tana juya kofi kamar wadda ta shekara tana yi, tana shaƙa, tana lumshe ido, sannan ga ta da bakinta tana cewa ta sha giya. Ya shiga wayar kowa a Funtuwa.

Indo ta sami Ruba a ɗaki, ta zauna a bakin gadonta. "'Yata, ki rufa mini asiri. Ki fito ki faɗa wa duniya gaskiya."

Ruba ta ce ai sai dai su koma wurin, teburin nan dai, kwalbar nan dai, in ba haka ba babu mai yarda. Indo ta koma. Aka ba ta kwalbar ta riƙe tana nuna rubutun. Ruba ta ce fuskarta ta yi nauyi, mutane ba sa kallon mai ɓacin rai, ta yi murmushi. Ta yi. Aka ce haske bai yi ba, a sake. Aka ce ta ɗaga kofin ta ɗan kurɓa don a ga ba ta tsoronsa. Ta kurɓa.

Bidiyo na biyun bai yi nisa ba. Waɗanda suka gani a Funtuwa cewa suka yi, "Kun ga, har ta koma."

Ranar tafiyarta Usman ya kai ta filin jirgi, ya ce ta gai da dangi. Ruba ba ta zo ba, an gayyace ta wani wurin. Ta aiko da turare a kwali.

A gida mutane sun zo sannu da zuwa, sun fi yadda aka saba yawa. Suna karɓar dabino suna kallon bakinta. Duk wanda ya zauna sai ta ba shi labarin tun daga farko, ya ce, "Allah sarki, ai mun san ba za ki yi ba," ya fita, ta jiyo ƙus-ƙus a zaure. Da aka koma karatu, tabarmi biyu suka ishi matan da a da ke cika tsakar gidan. Mazajensu sun ce a dakata tukuna. Zaharadden ya yi faɗa da wani a kasuwa har aka fasa masa leɓe.

Cikin damina maƙwabciyarta Hikima ta rasu, ƙawarta tun suna amare. Indo ce ke wanke duk macen da ta mutu a unguwar, don haka tana jin salati ta ɗauki sabulu da turarenta ta shiga gidan. A ƙofar ɗakin ƙanwar mamaciyar ta tare ta, ba ta yarda sun haɗa ido ba.

"Malama, an riga an aika a kira wata daga Tudun Wada. Ki huta, kin sha hanya."

"Hikima ce fa. Ita da bakinta ta ce ni zan wanke ta."

"'Ya'yanta maza ne suka ce haka. Ki yi haƙuri."

Indo ta juya. Sannan ta koma cikin masu zaman makoki ta nemi gefen tabarma, aka matsa mata fiye da yadda take buƙata. Tana nan zaune da sabulun a cinyarta har baƙuwar matar ta iso, ta yi sallama, ta shiga ɗakin aka saki labule.